Rawar Sitiyari a Ƙaramar Motar Daji: Sanadinta da Maganinta

Gabatarwa

Akwai wata cuta da ke kama motocin da aka ƙera domin shiga daji da ratsa gargada. Mota tana cikin tafiya lafiya lau a kan kwalta, gudunta bai wuce kilomita 80 a awa ba, sai taya ɗaya ta gaba ta taka ɗan rami ko gaɓar gada. Nan take sitiyari ya kama rawa, yana fizgar hannun direba dama da hagu sau da yawa cikin daƙiƙa guda, gaban motar duka yana karkarwa kamar mai masassara. Rawar ba ta lafawa sai an rage gudu ƙwarai, wani lokaci ma sai an tsaya cik. Direbobin Ingila da Amurka suna kiranta da wani suna mai ma'anar "rawar ajali". Ko da za a ce sunan ya yi zafi, haɗarin na gaskiya ne, domin tayar da take rawa ba ta riƙe hanya yadda ya kamata, kuma direban da ya firgita ya danne birki da ƙarfi yana iya sakin hanya.

Manufar wannan ƙasida ita ce a nuna wa mai karatu cewa girgiza iri biyu ce take zuwa hannun direba, suna kama da juna amma asalinsu daban, kuma wanda bai rarrabe su ba zai yi ta sayen kayan gyara cutar tana nan. Ɗalibin fiziya zai ga cewa darussan da yake ɗauka a aji game da kaɗawa da gogayya su ne ke aiki a ƙarƙashin motar, ko bakanike ya san sunayensu ko bai sani ba.

Motar da muka ɗauka misali

Misalinmu shi ne Suzuki Jimny, 'yar ƙaramar motar daji ta ƙasar Japan. Ta fara fitowa a shekarar 1970 da ɗan inji mai ƙarfin sisi 359. A 1981 aka fito da ƙira ta biyu, wadda aka sani da SJ410, daga baya SJ413, wadda aka sayar a Amurka da sunan Samurai. A Indiya kuma kamfanin Maruti ya ƙera irinta da sunan Gypsy tun daga 1985. Ƙira ta uku ta zo a 1998, ta huɗu a 2018. Duk tsawon waɗannan shekaru kamfanin bai sauya abu biyu ba: jikin motar yana zaune a kan shasi mai siffar tsani, kuma ƙafafun gaba biyu suna haɗe da aksul guda ɗaya sandararre, wato ƙarfe ɗaya da ya ratsa daga wannan taya zuwa waccan.

Wannan aksul shi ne ƙarfin motar a daji. Ba ya da gaɓoɓi da yawa da za su lalace, kuma idan taya ɗaya ta hau dutse, yakan danna ɗayar ƙasa ta ci gaba da kama hanya. Tsofaffin Land Rover, da Jeep Wrangler, da Land Cruiser ƙirar 70 da ake gani a hanyoyin Sahara da ƙauyukanmu, duk irin wannan gaba gare su. Amma abin da ya ba su ƙarfi shi ne ya buɗe ƙofar cutar da muke magana a kai, kamar yadda za mu gani.

Ya kamata mu san sassan kafin mu ci gaba. A kowane ƙarshen aksul akwai dunƙulen ƙarfe mai kama da ƙwallo. A kansa ake sanya wani kwanso da ke ɗauke da ƙafar mota da birkinta. Za mu kira shi gwiwa. Gwiwar tana juyawa dama da hagu a kan gajerun turaku biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, waɗanda makanikai ke kira kimfin, kuma kowane kimfin yana shiga cikin ɗan boris nasa. Daga akwatin sitiyari sanda ɗaya take tasowa ta kama gwiwa, sannan tayarod ya haɗa gwiwoyin biyu domin su juya tare. A ƙirar SJ, sifirin mai falle-falle ne ke riƙe aksul a wurinsa. Daga ƙirar 1998 kuwa sifirin mai naɗi ne, wanda ba ya iya riƙe komai sai nauyi. Saboda haka aka sa hannuwa biyu na ƙarfe su hana aksul zamewa gaba ko baya, da wata sanda a gicciye da ke hana shi zamewa gefe. Ita ce sandar Panhard, sunan wani tsohon kamfanin motoci na Faransa. Kowane ƙarshen waɗannan sanduna yana zaune cikin roba, wato bushin.

Girgiza ta farko: wadda ake turawa

Kowane abu mai nauyi da ke haɗe da abu mai tankwaruwa yana da saurin kaɗawarsa na ɗabi'a. Danne rula a bakin tebur ka ja ƙarshenta ka saki: za ta kaɗa da wani sauri nata. Rage tsawon da ya fito, ta ƙara sauri. Manna mata ƙwandala a baki, ta rage. Yaron da ke kan lilo ma haka ne. Idan mai tura shi ya dace da lokacin dawowarsa, ɗan turi kaɗan ya isa ya kai shi sama. Idan bai dace ba, wahala kawai zai sha. Wannan shi muke kira dacewar kaɗawa.

Ƙafafun gaba na mota, da nauyinsu da sandunansu da robobinsu, su ma lilo ne. Mai turin kuwa ita ce tayar da nauyinta bai daidaita ba. Bari mu yi lissafi. Jimny ƙira ta uku tana sanye da taya mai lamba 205/70 R15. Ma'anar lambar ita ce faɗin taya milimita 205 ne, tsayin gefenta kashi 70 cikin 100 na faɗin, wato milimita 143.5, rim kuma inci 15, wato milimita 381. Tsayin ƙafar duka ke nan 381 a tara da 143.5 sau biyu, ya ba da milimita 668. A ninka da 3.14, kewayen taya ya kama kusan mita 2.1. Mota mai gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22.2 a daƙiƙa. A raba da 2.1, sai mu ga taya tana juyawa kusan sau 10.6 a kowace daƙiƙa.

Yanzu a ce motar ta ratsa taɓo da damina, guntun laka mai nauyin giram 200 ya bushe a cikin rim, mita 0.19 daga tsakiya. Ƙarfin da yake fizgar ƙafar da shi ana samunsa ne ta ninka nauyinsa da nisansa daga tsakiya, sannan da saurin juyawa wanda aka ninka da kansa. Saurin juyawar shi ne 2 sau 3.14 sau 10.6, kusan 66.6, a ninka shi da kansa ya haura 4,400, a ninka da 0.2 da 0.19, ya ba da kusan niyuton 168. Wato lakar da ba ta cika tafin hannu ba tana fizgar ƙafa da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 17, sama da ƙasa, gaba da baya, fiye da sau goma a daƙiƙa. A gudun kilomita 40 ƙarfin rubu'in wannan ne kawai, domin idan gudu ya ninka biyu ƙarfin yakan ninka huɗu.

Masu irin wannan mota sun fi kuka da girgiza tsakanin kilomita 70 da 90 a awa, inda taya ke juyawa sau 9 zuwa 12 a daƙiƙa. A nan ne turin taya yake dacewa da kaɗawar gaban motar. Alamar wannan girgiza ta farko a bayyane take: tana zuwa a hankali idan an kai wani gudu, tana nan ko hanya sumul take, tana raguwa idan an wuce gudun ko an sauko ƙasa da shi, kuma gobe ma a daidai wannan gudun za ta dawo. Abar haushi ce, tana cin taya da gaɓoɓi, amma ba ita ce rawar ajali ba.

Girgiza ta biyu: wadda ke ciyar da kanta

Dubi mai goge. Ba ya kaɗa tsirkiyar da yatsa sau ɗari a daƙiƙa. Jan ɗan bakansa kawai yake yi a hankali gefe guda, tsirkiyar ce da kanta take mayar da wannan ja ya zama kaɗawa. Tuta a cikin iska mai kaɗawa bai ɗaya haka take filfilwa. Gadar Takoma ta jihar Washinton a Amurka, wadda ta rufta a watan Nuwamban 1940, ta murɗe kanta ne cikin iskar da gudunta bai kai kilomita 70 a awa ba. A duk waɗannan babu mai turi daga waje a kan lokaci. Motsin ne da kansa yake jawo ƙarfin da ke ƙara shi. Rawar sitiyari ta gaske daga wannan dangi take, kuma rumbun da take ɗiba shi ne gudun motar kanta. Ramin da taya ta taka ashana ce kawai.

Ta yaya hakan ke faruwa? Abu biyu ne suka haɗu. Na farko malami zai iya nuna shi a aji da ƙafar keke. A cire ƙafar gaba, ɗalibi ya riƙe ƙarfen tsakiyarta da hannu biyu, wani ya juya ta da ƙarfi. Sai a ce ya ɗaga hannun dama ya sauke na hagu, wato ya karkatar da ita. Zai ji ƙafar ta ƙi, ta murɗe masa hannu tana son juyawa gefe kamar mai shan kwana. Idan kuma ya juya ta gefe, sai ta nemi karkata. Wannan halin duk abu mai juyawa ne, kuma masanin Faransa Léon Foucault ne ya raɗa wa na'urar da ke nuna shi suna jairoskof a 1852. To, a mota mai aksul guda, idan taya ɗaya ta hau tudu, aksul duka ya karkata, ƙafafun biyu suka karkata tare. Da yake suna cikin juyawa, sai su amsa da murɗawa a kan kimfin. Murɗawar kuma ta sake karkatar da aksul, taya ɗaya ta danne ƙasa ɗayar ta yi sauƙi, sannan abin ya juya.

Na biyu shi ne jinkirin taya. Roba ce, ba ƙarfe ba. Idan ƙafa ta juya dama, ƙarfin da hanya ke mayarwa domin daidaita ta ba ya zuwa nan take, sai tayar ta ɗan mirgina gaba tukuna. Idan ya zo a makare, maimakon ya tsayar da ƙafar a tsakiya sai ya wurga ta hagu, ta wuce wuri, a sake. Turi ne a kan lokaci kamar na lilo, sai dai lilon ne ke tura kansa. Mai karatu da ya taɓa tura keken ɗaukar kaya na kanti ko gadon asibiti da sauri ya ga 'yar ƙafarsu tana wannan rawa.

Matsalar ta daɗe. A shekarun 1920, da aka fara sanya wa motoci tayoyi masu faɗi da taushi da kuma birki a ƙafafun gaba, nauyin da ke ƙarshen aksul ya ƙaru, rawar ta addabi masu ƙera motoci. Suka raɗa mata suna shimi, sunan wata rawar kafaɗa da ake yayi a Amurka a lokacin (kada a rikita ta da shimin da mata ke sawa). Injiniyan Faransa Georges Broulhiet ya yi rubutu a kanta a 1925, inda ya jawo hankali ga yadda taya ke ɗan zamewa gefe. Maurice Olley, wanda ya bar Rolls-Royce ya koma Cadillac a 1930, yana cikin waɗanda aikinsu ya sa kamfanin General Motors ya raba ƙafafun gaba a motocinsa na 1934, kowace da nata ɗaurin, ta yadda hawan ɗaya ba ya karkatar da ɗayar. Ƙananan motocin gari sun bi wannan hanya. Motocin daji irin Jimny suka riƙe aksul guda saboda amfaninsa, suka riƙe cutar tare da shi.

Abin da ke hana sabuwar mota rawa

Tun da halin yana cikin ƙirar, me ya sa sabuwar mota ba ta yi? Amsar ita ce lissafin shiga da fita. A kowane zagaye na rawar, gudun mota yana zuba ɗan kuzari, gogayya kuma tana kwashe wani ta mayar da shi zafi. Muddin abin da ake kwashewa ya fi abin da ake zubawa, rami zai kaɗa sitiyari sau biyu ko uku ya mutu. Ranar da zubawa ta rinjayi kwashewa, rawar za ta yi ta girma har sai an rage gudu.

Babban mai kwashewa a wannan mota shi ne boris ɗin kimfin. 'Ya'yansa ba ƙwallaye ba ne, 'yan sanduna ne masu tsukewa gefe guda, kuma an shirya su ne a ɗaure su da ɗan matsi tun kafin nauyin mota ya hau. Matsin yana hana kowane irin sako-sako, yana kuma sa gwiwa ta juya da ɗan nauyi, ba sakaka ba. Wannan ɗan nauyi shi ne maganin rawar. Sai dai boris ɗin yana cikin wahala iri biyu. Boris ɗin ƙafa yana juyawa dubban sau a tafiya guda, giris yana zagaya shi. Na kimfin kuwa kusan kullum a wuri ɗaya yake tsaye, tun da yawancin tafiya miƙaƙƙiya ce, kuma duk dukan gargada a kan wannan wuri guda yake sauka. A hankali 'ya'yan sukan sassaƙa wa kansu gurabu a jikin zoben, matsin ya tafi. Wahala ta biyu ita ce ruwa. Abin da ya raba cikin gwiwa da waje shi ne zoben roba da na wani kauri mai kama da bargo, waɗanda ke shafar ƙwallon aksul. Idan sun tsufa, ko ƙwallon ya yi tsatsa, ruwan rafi da yashi sukan shiga su taru a boris na ƙasa. Daga ciki kuma, idan sil ɗin aksul ya huje, man giya yakan gangaro ya wanke giris. Motar da take ƙetare rafuka da damina, sannan ta hau kwalta da gudu ranar kasuwa, ita ce ta fi kusa da wannan cuta.

Sako-sako a wasu wurare ma yana taimakawa. Bushin ɗin sandar Panhard da ya mutu yakan bar aksul ya yi lilo gefe da gefe, kuma da yake sandar sitiyari tana haɗe da shasi, duk zamewar aksul murɗa ƙafafu ce ba da izinin direba ba. Kan tayarod da ya ci, ko akwatin sitiyarin da notunansa suka saki, suna barin ƙafa ta yi wasa a tsakanin wani ɗan fili inda babu mai riƙe ta. Sau da yawa ba abu ɗaya ne ya lalace sosai ba. Abubuwa uku ne kowane ya ci kaɗan.

Bincike

A ganina bakanike nagari a nan ba ya bambanta da mai bincike a ɗakin gwaji: yana tambaya kafin ya taɓa, yana farawa da abu mai araha, kuma ba ya sauya abu biyu a lokaci guda. Tambayoyin farko na direba ne. Girgizar tana zuwa a hankali a wani gudu, ko rami ne ke tashe ta farat ɗaya? Idan sai an taka birki take zuwa, a nemi faifan birki da kaurinsa ya bambanta, wannan wata cuta ce daban. Yaushe ta fara: bayan sauya taya, bayan faci, bayan ɗaga mota, bayan faɗawa rami?

Sai tayoyi. A auna iska a daidaita ta da abin da aka rubuta wa motar, ba da dukan ƙafa ba. A wanke laka daga cikin rim, a duba notunan ƙafa, a nemi ƙullutu a jikin taya ko lanƙwasa a bakin rim. Gwaji mafi araha shi ne a mayar da ƙafafun baya gaba, na gaba baya. Idan girgizar ta bar sitiyari ta koma kujera, an kama ɓarawo, sai a kai ƙafar wurin injin balansin. A lura cewa ƙafa tana iya daidaita idan an rataye ta tsaye amma ta yi rawa idan tana juyawa, domin nauyin da ya yi yawa yana gefen ciki ko na waje; shi ya sa ake manna darma a gefe biyu na rim.

Bayan haka a bar mota a ƙasa da nauyinta, mutum ɗaya ya riƙa kaɗa sitiyari dama da hagu kaɗan-kaɗan, ɗayan ya tsuguna a gaba yana kallon kowace gaɓa, yana ɗora hannu a kanta. Abin nema shi ne inda ɓangare ɗaya ya motsa kafin ɗayan ya bi, ko inda aka ji ɗan ƙas. Jikin mota bai kamata ya zame gefe a kan aksul ba. Idan ya yi, sandar Panhard ce ko ramin notinta ya buɗe.

Sannan a ɗaga gaba. A nan akwai gargaɗin da ba na wasa ba: jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. A toshe ƙafafun baya, a sa turakun ƙarfe a ƙarƙashin aksul a kan ƙasa mai tauri, kuma bulo na siminti ba turke ba ne, yakan fashe ba sallama. A kama taya a dama da hagu, inda ƙarfe uku da tara suke a agogo, a girgiza: sako-sako a nan na tayarod ne ko akwatin sitiyari. A sake kama ta sama da ƙasa, ƙarfe goma sha biyu da shida, a girgiza. Idan an ji motsi, ko boris ɗin ƙafa ne ko na kimfin. Rarrabe su abu ne mai daɗi ga mai son tunani: a sa wani ya danne birki a sake girgizawa. Birki yana ɗaure ƙafa da gwiwa su zama abu ɗaya, saboda haka idan motsin ya ɓace, a tsakaninsu yake, wato boris ɗin ƙafa. Idan yana nan, gwiwar ce duka take motsi a kan aksul, wato kimfin.

Rashin jin motsi bai wanke kimfin ba. Matsi yana iya tafiya tun kafin sako-sako ya kai yadda hannu zai ji. Gwajin da ke yanke hukunci shi ne a cire ƙafa, a kwance tayarod daga gwiwa, a juya gwiwar da hannu. Idan ta juya sakaka kamar ƙofar da ba ta da nauyi, ko ta riƙa ɗan maƙalewa a tsakiya kamar tana faɗawa gurbi, boris ya gama aiki. Masu aiki da ƙa'ida sukan maƙala sikelin rataye, irin na masu sayar da kifi, a ramin da tayarod ke shiga, su ja, su karanta ƙarfin da ya fara motsa gwiwar. Littafin gyaran Samurai ya sa shi tsakanin kilo 1 da 1.8 kafin a ɗaura zoben bayan gwiwa. Kowace ƙira kuma da adadinta a littafinta.

Gyara

Boris ɗin kimfin ba shi da tsada, aikin ne mai tsawo. Sai an cire birki, da cibiyar ƙafa, da sandar da ke juya ta, kafin a kwance notuna huɗu na kowane kimfin a zare gwiwa. A fitar da tsohon zoben boris daga mazauninsa a dasa sabo. Sanya sababbin 'ya'ya a tsohon zobe mai gurabu ɓata kuɗi ne. A sauya na sama da na ƙasa, kuma gefe biyu, tun da tare suka sha wahala. A goge tsatsar ƙwallon aksul har ya yi santsi, a sa sabon sil da sababbin zobba, a cika boris da giris mai jure ruwa. A ƙirar SJ akwai 'yan siraran washa a ƙarƙashin kan kimfin, waɗanda da su ake daidaita matsi: a rage su matsi ya ƙaru, a ƙara su ya ragu, ana yi ana aunawa da sikeli. Matsin da ya wuce kima shi ma cuta ne, domin sitiyari zai ƙi komawa tsakiya bayan kwana, boris kuma ya mutu da wuri. Notunan kimfin a ɗaure su da sufana mai awo, domin su ne ke riƙe da ƙafar gaba ɗaya.

Notunan bushin kuwa ba a ƙarasa ɗaure su sai an sauke mota ta tsaya da nauyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Duk wanda ya taɓa tayarod kuma sai ya kai mota alaimen.

Akwai wani ɗan shokazoba da ake ɗaurawa a kwance a jikin sandar sitiyari, wanda ke shanye kaɗawa. Jimny ta 2018 da shi take fitowa daga masana'anta. A lissafinmu na shiga da fita, ƙari ne a ɓangaren kwashewa, kuma a mota mai lafiyayyun gaɓoɓi yana da amfani. Amma ɗaura shi a kan mataccen kimfin rufe gyambo ne da tsumma: hannun direba zai daina ji, boris na ci gaba da ci, kuma ranar da shokazoban ya gaji rawar za ta dawo a kan gaɓoɓin da suka fi dā lalacewa.

Masu ɗaga mota domin su sa manyan tayoyi su ma su yi hattara. Layin da ya ratsa kimfin na sama da na ƙasa ba a tsaye yake ba, kansa ya ɗan kwanta baya, kamar wuyan keke, domin ƙafa ta riƙa komawa tsakiya da kanta. Wannan kwanciya ake kira kasta. Idan aka sa dogon sifirin, hannuwan aksul sukan sunkuya su mirgina aksul gaba, kasta ta ragu, sandar Panhard kuma ta ja aksul gefe guda. Babbar taya tana ƙara nauyin da ke juyawa, wato tana ƙara ƙarfin murɗawar da muka gani a ƙafar keke. Ɗagawar da ba a gyara waɗannan kusurwoyi tare da ita ba gayyatar rawa ce.

Idan rawar ta kama mutum a hanya kafin ya kai gareji, ya riƙe sitiyari da hannu biyu ba tare da kokawa da shi ba, ya ɗage ƙafa daga totur, ya rage gudu a hankali ba da dannan birki farat ɗaya ba, ya sauka gefe. Kada ya ƙara wuta da nufin ya wuce ta. Wannan dabarar girgiza ta farko ce, ta biyu kuwa ƙarin gudu ƙarin abinci ne gare ta.

Aiki ga ɗalibai

A ce mai motar ya cire taya 205/70 R15 ya sa 235/75 R15. Ku nemo tsayin sabuwar ƙafar da kewayenta, sannan ku gano gudun da za ta riƙa juyawa sau 10.6 a daƙiƙa. Wanda ya bi hanyar da muka bi a sama zai sami kusan kilomita 88 a awa. Bayan haka ku koma ga rula da ƙwandala, ku tattauna da malaminku: tun da sabuwar ƙafar ta fi tsohuwar nauyi, shin kaɗawar gaban motar za ta tsaya a 10.6, ko za ta sauka? Idan ta sauka, ina gudun girgizar zai koma?